Abin da Ke Cikin Kuncin Baba Mukbil

Akwai wani dattijo a birnin Ta'iz mai suna Mukbil, tsohon direban motar haya. Kamar sa'o'insa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cusa kat, wani ganye mai bugarwa, a baki bayan azahar, yana tauna har kunci ya yi suntum.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, fuskarsa ta hagu ta mutu, maganarsa ta daina fita sosai. Likitan jijiyoyi ya ce masa ya zaɓa, ko kat ko rai. Mukbil ya dafa Alƙur'ani a gaban iyalinsa, ya rantse ya bari.

Babban ɗansa Fawwaz ne ke kai shi asibiti. Shi kuwa Fawwaz, Allah Ya shirye shi, irin mutanen nan ne da ba sa yi maka hidima sai sun goranta maka.

Bayan wasu watanni ya ga kuncin uban na hagu ya soma tasowa. Ko tambaya bai yi ba, ya yanke hukunci cewa tsoho ya koma ruwa. Uban ya yi ta girgiza kai yana nuna bakinsa, maganar tana sarƙewa. Fawwaz ya ce ba shi da lokacin jin ƙarya. Mahaifiyarsa Takiyya ta rantse ba ta ga ko ganye ɗaya ya shigo gidan ba, ya ce ai dama ita ke rufa wa tsohon asiri.

Daga nan ya daina kai shi ganin likita. Wai wanda ya karya rantsuwa da Alƙur'ani, me likita zai yi masa? Ku ji fa rashin kunya! Tsohon kuma ba ya jin zafi a wannan ɓarin, balle ya yi kukan da zai sa a kula.

Wata Juma'a tsofaffin abokansa suka zo dubiya. Ɗayansu ya kalli kuncin ya tuntsire da dariya.

"Mukbil, ashe har yanzu ana taɓawa? Ko ka sam mana?"

Kunya ta kama Fawwaz, ransa ya ɓaci.

"Baba, tofar da shi. Yanzu, a gaban kowa."

Tsohon ya girgiza kai, hawaye na bin fuskarsa. Fawwaz ya riƙe haɓar ubansa, ya tura masa yatsa a baki don ya zaƙulo ganyen. Babu ganye. Wani abu mai tauri ya taɓo, manne da ƙashin muƙamuƙi, yatsan ya fito da jini.

A asibiti, likitar tiyatar baki ta ce mugun ƙari ne, ya ci ƙashi har ya kai ga harshe. Ta ce da an zo tun yana ƙarami, ɗan yanka kaɗan za a yi. Ta tambaya wa ya hana a kawo shi da wuri. Fawwaz ya sunkuyar da kai.

Aka cire rabin muƙamuƙin da wani ɓangare na harshen. Mukbil ya rayu, amma magana ta tafi ke nan.

Yanzu Fawwaz kan durƙusa a gabansa yana kuka.

"Baba, don Allah ka ce ka yafe mini."

Tsohon kan kalle shi, leɓɓansa na motsi. Har yau babu wanda ya san me yake cewa.

Darasi: Kada ka yanke wa mara lafiya hukunci da zato, musamman iyayenka. Idan ya kasa magana, ka ƙara haƙurin sauraro. Duk kumburin baki da ya ƙi sauka, a kai shi asibiti da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na da irin wannan tsoho a gida.