Tafkin Baba Ɗangoje da Sauro Mai Farin Zane

Ku gyara zama, ku na baya ku daina surutu, don ba mai tashi sai kun yanke hukunci.

A ƙauyen Kwarin Gawo akwai wani tsoho, Baba Ɗangoje, wanda ya haƙa tafki da hannunsa tun yana saurayi. Da shi yake ban-ruwan lambunsa, a ciki yake kiwon tarwaɗa. Wata damina sai wani zazzaɓi ya shigo gari, mai sa mutum ya ji kamar ana karya masa ƙasusuwa. Kowa na kwana cikin gidan sauro, amma a banza. Da aka binne mutum na huɗu, jama'a suka ɗora wa tafkin laifi. Mai gari ya kira tsohon ya ce, "Baba, sai haƙuri. Nan da wata guda za mu cike shi da ƙasa." Tsoho ya koma gida ya daina cin abinci. 'Ya'yansa uku suka ce ba za ta saɓu ba.

Kubura ce babba. Ko aji ɗaya ba ta yi ba, amma Allah ya ba ta ido. Ita ta lura cewa sauron da ke damun gidaje da rana tsaka yake cizo, kuma ƙafafunsa da farin zane. Mako biyu tana bi gida-gida, ta miƙa damtsenta, in ya sauka ta kife shi da kwalba. Na bakin tafki ta kamo ta ware daban. Zazzaɓin ya kayar da ita, amma tana kwance tana faɗa kada wani ya haɗa mata kwalabe.

Mamuda, mai bi mata, yana aiki a ɗakin bincike a birni. Sana'arsa duba ƙwayoyin halittar ƙwari don gane wa ya haifi wa, kamar yadda tsofaffi ke gane dangin mutum ta tsagar fuskarsa. Ya ajiye duk wani aiki ya duƙufa a kan kwalaben yayarsa. Ya dawo ya ce sauron tafki ɗan gida ne, ba ya ɗauke da cutar. Mai farin zanen kuwa baƙo ne, danginsa na can wani gari na bakin teku, tafiyar kwana biyu a mota. Mai gari ya ce, "Ka ce wannan sauro ba ya nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi. To, wa ya kawo shi? In ba amsa, maganarmu na nan."

Ilu ne auta, direban babbar mota. Da ya ji sunan garin, nan take ya tuna. Shi ne da rani ya kwaso tsofaffin tayoyi daga can, ya raba wa mutane kyauta don su danne kwanon rufi kada iska ta yaye, kowa na sa masa albarka. Ya hau rufin gidan ubansa ya leƙa cikin taya, sai ga ruwan sama kwance, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil. Ashe ƙwai ne ya manne a ciki tun daga can, da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Ba wanda ya ga hawansa, da ya so da ya yi shiru. Amma ranar Juma'a bayan an idar da salla, ya miƙe a gaban dangin waɗanda suka rasu da tayar a hannu, ya ce, "Jama'a, ni na kawo muku ciwon nan. Ku yi mini yadda kuka ga dama, amma ku bar wa Baba tafkinsa." Wallahi ni duk sanda na zo nan sai tsikar jikina ta tashi.

Aka sauke tayoyi duka, zazzaɓi ya lafa, tafki ya tsira. Baba Ɗangoje ya ci tuwo, ya tara 'ya'yansa ya ce tafki ba ya rabuwa uku, ɗaya zai ba tun yana da rai.

To, tsakanin wadda ta ba da jikinta, da wanda ya ba da iliminsa, da wanda ya ba da mutuncinsa, wa za ku ba tafkin?