Abin da Malam Audi Ya Jefa Rijiya

Akwai wani dattijo a Ƙanƙara da ake kira Malam Audi. Mutum ne mai sallah da zumunci, sai dai Allah Ya jarrabe shi da abu guda: ba a tambayarsa ya ce bai sani ba. Ko zancen jirgin sama aka ɗauko a majalisarsu ta 'yan dara, sai ya gyara zama ya hau bayani kamar shi ya ƙera shi.

Zamanin kuwa shi ne lokacin da kuɗin mai suka cika gari, duk wanda ya samu hali sai Makka, alhazai na dawowa da tsaraba iri-iri. A irin wannan tsarabar ce wani tela maƙwabcinsa mai suna Ɗanliti ya samu wani ɗan abin wasa daga kawunsa.

Abin bai fi tafin hannu ba, gilashi a tsakiya, maɓalli biyu a gefe. In ka danna, sai wani ɗan baƙin mutum ya fito riƙe da kwando yana tarar ƙwai da ke faɗowa. Ƙwai uku suka fashe, an cinye ka. A kusurwar gilashin kuma akwai agogo.

In Ɗanliti ya gaji da taka keke sai ya ɗan danna, samari su kewaye shi suna shewa. Malam Audi yana hango su daga gindin durumi, ko sau ɗaya bai taɓa riƙe abin ba.

"Injin caca ne," in ji shi. "Ni na san irinsu. Nasara sun ƙero shi ne don su lalata muna ɗiya."

Alhali su a dararsu, duk wanda aka cinye shi ke sayen goro. Amma ai laifi tudu ne.

To, Ɗanliti yana neman auren wata yarinya Zulaihatu a Damari, can ƙasar Sabuwa. Sun daidaita, har an kai gaisuwar iyaye. Ranar kasuwa sai waliyyinta Alhaji Salihu ya zo bincike, aka nuna masa Malam Audi a matsayin aminin marigayi mahaifin yaron.

"Yaro dai shina da sana'a, shina da ladabi," in ji Malam Audi yana kafa ɗan dararsa, ko kai bai ɗago ba. "Illar shi guda, caca. Da injin shike yawo a aljihu."

Alhaji Salihu ya yi godiya, ya tafi. Ba a jima ba saƙo ya iso daga Damari cewa a dakata da maganar aure.

Ɗanliti ya ji daga inda maganar ta fito. Bai yi musu ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Ya zo majalisa ya durƙusa, ya ajiye abin a gaban Malam Audi.

"Baba, tunda kun ce caca ce, ga shi nan. Ku yi yadda kuka ga dama da shi. Zulaihatu ta fi mani shi."

Malam Audi ya ɗauka da yatsu biyu kamar mushen ɓera, ya ce rijiya zai jefa shi. Washegari kuwa ya shaida wa majalisa cewa abin yana can ƙasan tsohuwar rijiyar bayan gari, da kunnensa ya ji ƙarar faɗawarsa.

Jama'a, ƙarya yake yi.

Abin da ya faru, a hanyar rijiyar yatsansa ya taɓa maɓalli. Ɗan mutumin ya fito da kwandonsa, ƙwai ya faɗo ya fashe. Malam Audi ya ce a ransa, wannan wane irin sakarci ne, ƙwai ɗaya ma a kasa tarewa? Ya sake dannawa. Da ya ɗago kai, inuwar bishiyar da yake tsaye a ƙarƙashinta ta bar shi a rana.

Ya ɓoye abin a cikin rumbu. Kullum da hantsi sai ya ce wa matarsa Mero zai duba ko gara ta shiga hatsi. Mero ta ce ita dai ba ta taɓa ganin garar da ake dubawa kowace safiya ba.

Tun ranar farko ya gane ba caca a ciki. Babu inda ake zuba kuɗi, babu abin da ake ci, sai lambar makin da Ɗanliti ya taɓa kaiwa wadda ke fitowa a gilashin, shi kuma ya kasa kamo ta. Ya san ya zalunci yaron. In ya wuce shagon ya ga Ɗanliti ya rame, ya sunkuyar da kai a kan keke, sai kunya ta kama shi har ya canza hanya. Amma ya koma majalisa ya ce ya yi kuskure? Wannan ne girman kai ya hana.

Ana haka dangin Ɗanliti suka roƙe shi ya raka su Damari, ya shaida cewa yaro ya rabu da abin. Ba yadda zai ƙi. Ranar tafiya kuma Mero ta ce za ta buɗe rumbu ta ɗebi dawa, sai ya yi wuf ya riga ta, ya cusa abin a aljihun babbar riga.

Mota ta bi da su ta Faskari, hanya ba kyau, ba su isa ba sai da rana ta karkata. Aka zauna a zauren Alhaji Salihu, dattawan gidan duk sun hallara. Ɗanliti ya rakuɓe a bakin ƙofa, don Alhaji ya ce yana son ya gan shi.

Malam Audi ya yi gyaran murya. "Alhaji, yaro ya tuba. Injin nan kau, da hannuna wanga na jefa shi rijiya."

Bai rufe baki ba aljihunsa ya ɗauka: tsit-tsit! tsit-tsit! tsit-tsit!

Zaure ya yi tsit, in ban da aljihun. Malam Audi ya dafe shi, ya yi tari, ya muskuta, abin bai fasa ba. Shi da hantsi kawai ya saba ɗaukarsa, bai taɓa sanin yana kuka shi kaɗai ba. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula.

"Mi ke kuka haka?" in ji Alhaji Salihu.

Ɗanliti ya ce a hankali, "La'asar ce ta yi, Baba. Ni na saita shi, don in ɗinki ya ɗauke mani hankali ya tuna mani."

Kafin wani ya tanka, ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya.

Sai yaron ya ƙara da cewa, "Ƙila Baba ya taho da shi ne don ku gani da idonku." Wato har a nan ƙoƙarin rufa masa asiri yake yi. Wannan rufin asirin ya fi yi wa Malam Audi ciwo a kan a ce zaginsa aka yi.

Ya ciro abin, ya ajiye a kan tabarma.

"A'a, ɗana, bari kare ni. Alhaji, ƙarya na yi. Ban jefa ba, wasa nike da shi a ɓoye cikin rumbu. Babu caca a ciki, tarar ƙwai ce kawai. Ranar da ka tambaye ni, ko taɓa shi ban taɓa yi ba."

Alhaji Salihu ya ɗauki abin ya jujjuya, ya miƙa wa Ɗanliti ya kashe kukan. Sannan ya dubi Malam Audi.

"Malam, ka dai jefa wani abu rijiya, amma ba wanga ba. Sunan marayan nan ka jefa, ɗiyata kuma tana cikin gida ko abinci ba ta iya ci. Mu tashi mu yi sallah."

Bayan sallah aka sa ranar aure. Malam Audi bai iya haɗa ido da kowa ba har suka dawo gida.

Washegari ya je majalisa, bai taɓa dara ba. Ya tsaya a tsaye a gaban mutanen da suka ji maganarsa ta farko, ya warware ta da bakinsa. Aka yi masa dariya har da masu riƙe ciki, ya tsaya ya shanye.

Daga ranar, in aka zo bincike a kan ɗan wani aka nuna Malam Audi, sai ya ajiye ɗan dararsa, ya ɗago kai ya ce, "Abin da na gani da idona zan faɗa maka. Sauran ban sani ba."

Darasi: Kada ka yanke hukunci a kan abin da ba ka taɓa riƙewa ba, wasa ne ko mutum. Yaro na danna wasa ba shi ke nuna ya lalace ba, kuma maganar da ka yar a majalisa kana dariya tana iya rushe gidan wani. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ku tura wa 'yan majalisarku, musamman wanda ya fi kowa sani.