Dalilin da Ya Sa Ba a Waiwaye a Gonakin Kafar Nimra

Dalilin da ya sa mutanen Kafar Nimra ba sa waiwaye idan sun baro gona ranar girbi, shi zan ba ku yau, in kun matso kun daina tsokanar juna. Kafar Nimra wani ƙauyen Yahudawa ne a kan tuddai, can ƙasar da ake noman sha'ir da alkama da zaitun. An ce manomin garin, da ya ɗaure damin ƙarshe ya rataya laujensa, sai ya kama hanyar gida wuyansa a sandare. Ko iska ta ɗauke masa hula ba zai juya ba. In ka kira shi daga baya, sai dai ya ɗaga maka hannu yana tafiya. Baƙo yakan ce girman kai ne, don bai san abin da ya faru ba.

A da can ba haka suke ba. Dokar Attaura ta ce manomi ba ya girbe gonarsa kaf. Sai ya bar kusurwa ɗaya a tsaye, da zangarniyar da ta zube, da damin da aka manta, duk rabon matalauta ne da marayu da baƙi. Mai gona ba shi da ikon rabawa da hannunsa, balle ya zaɓi wanda zai ba. Nasa ya bari, nasu su zo su yi kala. Mutanen garin suna barin kusurwar kamar yadda aka ce, amma sai su hau katangar duwatsu su zauna, su zuba ido su ga wa zai zo. Kafin yamma kuwa sunan wanda ya zo ya kai bakin rijiya.

A cikin masu zaman katanga babu kamar wani manomi Zabdi. Ban taɓa jin mutum mai zargi irinsa ba. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce me kake nema. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, ya koma gida ya duba kajinsa. Ranar da matarsa ta yi miya mai daɗi, sai ya tambaye ta laifin da take ɓoyewa. Mutum ɗaya tak ya yarda da ita a duniya, yayarsa Keziya, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Tana aure a ƙarshen gari. Mijinta ya faɗo daga itacen zaitun ya kwanta, awakinsu sun yi ta raguwa, amma kullum tsakar gidanta a share, mayafinta a wanke. Kowace Juma'a Zabdi yakan je ta ajiye masa gurasa mai zafi, ya ci ya sha ruwa. Mutumin da ke zargin kowa, bai taɓa zargin akwai yunwa a gidan ba.

Akwai kuma wani tsoho a garin, Malam Yeruham, mai karantar da Attaura. Shekara arba'in yana zama a kan wata kujerar dutse a majami'a, yana yi wa mutane bayanin doka, yana sasanta masu faɗa. Sauran kwanaki kwanduna yake saƙawa ya ci abinci.

Wata rana, ana girbin sha'ir, Malam ya zo wucewa ya tarar da Zabdi a kan katanga, rana tana dukansa.

Ya ce, "Zabdi, an gama yanka, me ya zaunar da kai a rana?"

Zabdi ya ce, "Malam, kusurwata nake dubawa."

"Tun da laujenka ya tsallake ta, ta daina zama taka. Gadin kayan wa kake yi?"

"Na sani, Malam. Amma akwai masu rumbu cike da ke sa tsumma su zo. Jiya wata ta zo a lulluɓe har ido, takalminta ya fi na matata kyau. Tana hango ni ta juya. Mai gaskiya yana juyawa?"

Malam ya ce, "Mai kunya yana juyawa." Ya dube shi kamar zai ƙara wata magana, sai ya fasa ya wuce.

Asabar ɗin nan Malam ya yi wa'azi a kan abin. Ya ce wanda ya ba mutum abinci ya kuma ƙura masa ido yana ɗauka, ya karɓe rabin abin da ya bayar. Kowa ya gyaɗa kai, ranar Lahadi kowa ya koma katangarsa. Masu kala suka ɗauke ƙafa. Kusurwoyi suka tsaya cak, tsuntsaye suna shagali.

Sai aka fara ganin abin mamaki. Da tsakar rana Malam Yeruham yakan fito da jakinsa, ya shiga gonakin mutane ido na ganin ido, ya yanke kusurwa, ya cusa a mangala, ya rufe da buhu. Daga nan ya shiga gari yana bin gidaje, wai gaisuwa. Ya shiga gidan mai hali, ya shiga gidan mara hali, ya shiga gidan mai gari, ko'ina da jakinsa har tsakar gida. In ya fito daga gida na ƙarshe ba sauran hatsi a mangala, ba wanda zai ce ga inda aka sauke.

Zabdi ya kasa cin abinci. Ya bi shi sau biyu a baya yana laɓe-laɓe, bai gano komai ba, domin tsohon yakan cika mangalar da ƙaiƙayi yadda ba ta nuna raguwa. Ya ce a ransa, "Dama na faɗa. Mutum ba ya shekara arba'in ba a ji kansa ba sai in ya iya ɓoyo. Sayarwa yake yi." Sai ya ɗauki wani zare daga masaƙar matarsa, ja da fari a murɗe, wanda babu irinsa a garin, ya ɗaura a gindin zangarniyar kusurwarsa. Malam ya zo ya yanka har da zaren. Zabdi ya bi kasuwa, ya bi masussuka, ya leƙa wurin masu niƙa, bai ga zare ba. Da haƙurinsa ya ƙare, ya kai ƙara wurin dattawa a ƙofar gari.

Aka kira Malam. Babban dattijo ya ce, "Malam, kai ka koya mana cewa mai abin hannu ba ya kala. Ga shi an ce ka yanke kusurwar Zabdi da ta wasu."

Malam ya ce, "Na yanke. Ɗan aike ne ni."

Dattijon ya ji sanyi a ransa, ya ce, "To ai magana ta zo da sauƙi. Ɗan aike yana da wanda ya aiko shi. Faɗi suna mu tashi."

"Ba zan faɗa ba."

"Ko suna ɗaya, Malam. Ko a kunnena."

"Kunnenka yana da mata a gida, matarka tana zuwa rijiya. Gida goma suka aiko ni, ba zan faɗi ko ɗaya ba."

Zabdi ya yi tsaki ya ce, "Kun ji ko? Gida goma marasa suna. Ni ma ina da raƙuma goma marasa ƙafa."

Aka yi dariya, kuma dariyar nan tana ba ni haushi har yau. Dattawa suka yi ta lallashi har la'asar, tsoho ya kafe. Ba yadda suka iya, suka yanke cewa ba zai ƙara zama kan kujerar dutse ba, ba zai ƙara taka gonar kowa ba, sai ranar da ya kawo suna. Malam ya ɗauki sandarsa ya tafi gida. Yaran da ya koya wa karatu suka riƙa binsa da ido a hanya, uwayensu suna janye su.

Zabdi ya ci nasara, amma zaren nan bai bar shi ya huta ba. Mako biyu yana nema, har ya manta da gidan yayarsa. Juma'a ta uku ya je. Ya tarar Keziya ta rame, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ƙwaryar ruwa a rufe da faifai.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, yau ba gurasa."

Ya kai hannu zai buɗe ruwan, sai hannun ya tsaya. Bakin faifan ya taɓa warwarewa, an ɗinke shi da zare ja da fari a murɗe.

Ya ce, "Yaya, ina kika samu wannan zaren?"

Ta dubi faifan, ta dube shi, ta gane. Ta zauna a ƙasa ta ce, "A cikin sha'ir ɗin da Malam ya kawo na tsince shi. Na ce ikon Allah, ga zare ya zo mini har gida."

"Gurasar da nake ci a nan..."

"Daga kusurwarka take, da ta maƙwabtanka."

Zabdi ya ajiye faifan. Ya ce, "Me ya hana ki faɗa mini? Ni fa ƙanenki ne."

Ta ce, "Ni na goye ka, Zabdi, na san halinka. Da na faɗa, da ka fara tambayata ina muka kai awaki, wa ya saya, me ya sa ban faɗa tun bara ba. Na ce gara in je in ɗauki abin da doka ta ba ni. Sau uku na lulluɓe na zo gonarka, da takalmin aurena don shi ya rage mini. Sau uku kana kan katanga kana kallo."

Ya tambaye ta me ya sa ba ta fito ta wanke Malam ba. Ta ce ta sa mayafi za ta je, tsohon da kansa ya tare ta a ƙofa. Ya ce in ta faɗi nata sunan, za a ce saura tara.

Zabdi bai sha ruwan ba. Ya tashi kai tsaye sai gidan Malam, ya same shi a inuwar ɓaure yana saƙa kwando. Ya durƙusa, shi da bai taɓa durƙusa wa kowa ba, ya yi kuka irin na yara.

Ya ce, "Malam, na ga zaren. Na cuce ka. Yanzu zan je ƙofar gari in ce ƙarya na yi maka."

Malam bai daina saƙa ba. Ya ce, "Ba ƙarya ka yi ba, ka ga na yanka. Za su ce maka yaya aka yi ka sani yanzu, kawo suna. Wane suna za ka ba su?"

Malam ya ci gaba da magana.

"In ka faɗi sunanta, to don me na bar kujerar? Kujera dutse ce, wani zai zauna a kai, doka ba za ta ɓata ba. Yayarka kuwa sai ta riƙa zuwa rijiya da safe a gaban matan garin nan har ƙarshen ranta."

"To me zan yi, Malam? Ka sa ni wani abu, ko me wuyarsa."

"Zan sa ka, kuma a wurinka yana da wuya. Jibi kana yanke alkama. Ka bar kusurwa, ka rataya laujenka, ka tafi gida. Kome ka ji a bayanka, kada ka waiwaya."

Jibi ta zo. Zabdi ya bar kusurwa da ta fi ta kullum faɗi, ya kama hanya. Bai yi taku ashirin ba ya ji motsin kara a bayansa. Ya ji sawun mutum, ba ɗaya ba. Ya ji wani tari da yake ganin ya san mai shi. Wuyansa ya riƙa ƙaiƙayi, zuciyarsa tana ce masa kallo ɗaya dai, ɗaya tak. Ya kama haɓarsa da hannu biyu, a haka ya isa gida.

Masu zaman katanga suka saki baki. Suka ce Zabdi ba ya abin da ba riba, lalle ya ji wani abu da su ba su ji ba. Wani ya ce ƙila wanda ya waiwaya alkamarsa za ta yi ƙwari. Kun ga, zargin ne dai ya sauko da su daga katanga, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tsoron kada a bar shi a baya. Kafin girbin baɗi ba mai zama. Kusurwoyi suka riƙa wayar gari a share, ba wanda ya san hannun da ya share su.

Daga ranar rumbun Zabdi ya zama na gida biyu. Amma Malam Yeruham bai koma kujerarsa ba. Ya rasu bayan shekara biyu, rabin gari suna ce masa tsohon da ya ci rabon marayu. Zabdi yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, yana jin ana faɗin haka a bayansa, ya haɗiye. Sai da Keziya ta tsufa ta kwanta ciwon ajali ta ce masa, "In na tafi, ka faɗa." Ya tsaya a majami'a da furfurarsa, faifan nan a hannunsa, ya faɗi komai. An ce ranar ba wanda ya iya duban kujerar dutse. Sauran gidaje tara kuwa, Zabdi ya mutu bai san su ba, kuma bai taɓa tambaya ba.

Shi ya sa har yau, in an gama yanka a Kafar Nimra, za ka ga manoma sun jero sun nufi gari, ba mai juya wuya. In yaro ya ji motsi a baya ya fara karkata kai, uwarsa takan dafa masa ƙeya a hankali ta ce, "Dubi gabanka, wataƙila yayarka ce."