Katin Da Mai Tuyar Ayaba Ta Fito A Ciki

Akwai wani dattijo a wani gari mai suna San Pedro de Macorís da ake kira Don Teófilo. Shekara arba'in ya yi yana buga katunan 'yan wasan besbol, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, irin katunan da ake samu a ledar cingam. Mutum ne mai ji da aikinsa. In launi ya kauce ko da siririn gashi, yagawa yake yi ya sake. Sau ɗaya tak ya taɓa yin kuskure.

An kawo masa hoton Nicanor, matashin ɗan wasa mai jifan ƙwallo da ake yayi a lokacin. Wajen ɗora hoton a farantin bugu sai ya zame da faɗin yatsa biyu, shi kuwa bai lura ba. Kati ɗari uku suka shiga gari a haka: Nicanor ya koma gefe, an datse masa hannun jifan, a tsakiya kuma ga wata mata can bayan wayar filin, tana tuyar ayaba a kasko tana dariya.

Washegari sai ga Nicanor da abokan wasansa, ya wurga katin a tebur.

“Tsoho, makanta ce ta kama ka? Ni ne ɗan wasan ko wannan?”

Wani abokinsa ya tuntsire da dariya. “Kai Nica, ai ta fi ka kyau a hoto! Wace ce?”

“Oho,” in ji Nicanor. “Wata mai tuya ce.”

Maganar ta ƙona wa Don Teófilo rai fiye da zagin. Ya san Doña Fermina. Da wannan kaskon ta saya wa Nicanor safar hannunsa ta wasa ta farko, domin ita ta haife shi.

Nicanor ya kafe sai da aka tattaro katunan aka ƙone, aka buga gyararre dubu goma. Guda ɗaya Don Teófilo ya ɓoye, ya rataye shi a saman injinsa don ya riƙa tuna duba faranti sau biyu.

Shekara ashirin da shida suka wuce. Kafaɗar Nicanor ta lalace, aka daina yayinsa. Guguwa ta kwashe gidansu da duk hotunan da ke ciki, ba a jima ba Doña Fermina ta rasu.

Gyararren katin nan, ko kyauta ba mai so, don ya yi yawa. Mai kuskuren kuwa, tunda wuta ta cinye 'yan uwansa, sai masu tara kati suka shiga nemansa ido rufe. Wani dillali daga babban birni ya taya shi dala dubu biyar, ya ce ranar Asabar zai zo ya karɓa. Don Teófilo ya tsufa, rufin shagonsa na yoyo. Ya ce zai yi tunani.

Ranar Juma'a wani mai furfura ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

“Don Teófilo, ni ne Nicanor.”

“Na gane ka. Har yanzu makantar ba ta kama ni ba.”

Nicanor ya sunkuyar da kai. “Na ji an ce kana da guda. Ba ni da dala dubu biyar, kallo kawai na zo yi. 'Yata ta haihu, ta sa wa jaririyar suna Fermina, 'yar tawa tana ta tambayata kamannin kakarta. Ni kuma fuskar ta fara ɓace mini.”

Dattijon ya sauko da katin, amma bai miƙa ba. Ya ɗora yatsa a kan matar.

“An taɓa yi maka tambaya a shagon nan. Wace ce wannan?”

Nicanor ya daɗe yana kallon dariyar nan, hawaye na bin kuncinsa.

“Uwata ce.”

“Ban ji ba. Ka san kunnen tsoho.”

“Uwata ce! Fermina mai tuyar ayaba. Ita ta mai da ni mutum!”

Har masu wucewa sai da suka waiwayo. Don Teófilo ya sa masa katin a tafin hannu ya damƙe masa yatsu.

“To dillalin fa?” in ji Nicanor.

“Ya je ya nemi kuskuren wani.” Dattijon ya miƙe ƙirji, alfahari fal idonsa. “Kati miliyoyi na buga daidai, ba wanda ya taɓa zubar da hawaye a kansu. Wannan shi ne aikina mafi kyau. Kai wa jikarka.”

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka ji kunyar hannun da ya ɗaga ka, domin abin da ka ƙona yau don girman kai, gobe kana iya nemansa da kuka. In mahaifiyarka na raye, ka yi alfahari da ita a gaban kowa tun tana jin ka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai su ma su karanta.