Dutsen da Aka Sa wa Wuta

Munzali ɗan Malam Dabo ne, mai makarantar Islamiyya a Birnin Kudu. Saurayi ne mai ƙarfin jiki, ba ya sata, ba ya shaye-shaye, sallah ba ta wuce shi. Aibinsa ɗaya ne: ba ya tambaya, in kuma aka gaya masa abin da bai tambaya ba, sai ya ɗauka raini ne. Tun da ya yi shekara biyu a Kano yana koyon gyaran waya, ya dawo yana kallon mutanen gida kamar ba su san komai ba.

A cikin wayar ya ga wasu suna hawan dutse da hannu da ƙafa, ba igiya ba tsani, wai motsa jiki. Abin ya shiga ransa. Ya sayo wani matsattsen takalmin roba, da farin gari da yake shafa wa tafin hannu saboda gumi. Duk Lahadi sai ya goya abokinsa Rabi'u a babur su tafi neman dutse mai daɗin hawa, shi yana hawa, Rabi'u yana ɗaukarsa a waya. Suka gama da na bayan gari, suka je wajen Kiyako, ya ce duk na yara ne. Mahaifiyarsa ta yi faɗa har ta gaji. Ni ma da nake ƙanwar kakarsa na kira shi na ce masa mutum ba ƙadangare ba ne. Ya yi dariya ya ce zamani ne.

Wata Lahadi da hantsi, cikin bazara, suka nufi Gwaram. Can wajen Farin Dutse suka ga wani dutse mai sulɓi, tsayinsa ya kai bene hawa huɗu. A gindinsa mata ne zaune suna fasa tsakuwa, babbarsu wata dattijuwa, Inna Hapsatu.

Da ta ga Munzali yana ɗaura takalmi, ta tambaye shi ina za shi. Ya nuna mata sama. Ta ce kada ya bi ta wannan fuskar. Shekaranjiya mazan da ke fasa dutse suka tara tsofaffin tayoyi da itace suka kunna wa wurin wuta. Haka suke yi don fatar dutsen ta saki, in ya huce su zo da ƙarafa su ɓamɓare. Ta ɗauki gudumarta ta ƙwanƙwasa inda hannunta ya kai, sai ya yi ƙara kamar ƙwaryar da aka kife.

"Ka ji ko? Ba abin da ke riƙe da shi. Zaga ta gabas, can lafiya lau ne."

"Inna, ta gabas ai ko akuya tana hawa. Ke dai fasa naki, ni in hau nawa."

"To, ɗan nan. Shekarata talatin a gindinsa, ban taɓa ganin ya ji tausayin kowa ba."

Rabi'u ya ce ko dai su haƙura. Munzali ya ce ya riƙe waya da kyau, baƙin hayaƙin nan ma shi zai ƙara wa hoton kyau.

Ya hau kamar wasa har ya wuce rabi. Yana ɗora ƙafa a kan wani tudu, sai falle guda mai faɗin ƙofa ya saki. Ya zame ya faɗa cikin wata tsaga, fallen ya biyo shi ya danne masa ƙafar hagu. Daga ƙasa ana ganin kansa da hannunsa ɗaya, ana jin muryarsa, amma ba mai iya kai wa gare shi.

Mutane suka taru. Aka kawo tsani, bai kai ko kusa ba. Aka ƙulla igiyar guga uku, ba inda za a ɗaura. Wasu samari suka ce za su zaga su sauko ta sama, masu fasa dutse suka hana, suka ce duk wanda ya taka wurin, sauran fallayen a kan Munzali za su zubo. Rana ta take, dutsen ya yi zafi kamar tanda. Munzali yana ta roƙon ruwa. Aka riƙa jefa masa ruwan leda, yana bugun dutse yana fashewa, yana gangarowa a banza. Rabi'u ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

Bayan azahar Malam Dabo ya iso. Mutumin da ɗalibai ɗari ke rusuna wa, ya tsaya a rana ba hula, ya rasa abin yi sai addu'a. Munzali ya hango shi.

"Baba, ƙafata ba na jin ta."

"Ina nan, Munzali. Ka yi ta salati. Ina nan."

Abin da ya iya ba ɗansa ke nan.

Su dai masu fasa dutsen nan, da ya wuce su ko gaisuwa bai yi musu ba, su suka yi ta sauke sakakkun fallayen ɗaya bayan ɗaya ta gefe, hannuwansu duk jini. Sai bayan la'asar sakaliya suka kai gare shi, suka ɗaga fallen da ƙarafa, suka sauko da shi a cikin buhu. A asibiti likita ya ce ƙafar ta daɗe a danne, jini bai zagaya ba. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Shekararsa ashirin da huɗu. Yanzu ko masallacin ƙofar gidansu sai da sanda yake zuwa, uban yana tafiya a hankali yana jiransa.

Ku samarin yanzu ku ji da kyau. Ban ce kada ku yi wasanku ba, amma duk wurin da ka je akwai waɗanda suka riga ka zama a cikinsa, kuma abin da suka sani ba ya cikin waya. Ka yi sallama, ka tambaya, in an ce maka bari, ka bari, ko da mai faɗar tsohuwa ce mai ƙura a fuska. Ranar da girman kai ya jefa ka inda hannu ba ya kaiwa, uwarka da ubanka ma sai dai su tsaya suna kallo.