Rabon da Ya Gagari Jatau

Yara, ga dalilin da ya sa in kuka ce wa malamin lissafi ya raba goma sha biyu gida sifili, sai ya ce muku babu amsa.

A da ba haka abin yake ba. In aka kawo abu za a raba, aka duba babu mai karɓa, sai mai rabo ya ce kowa ya tashi da babu, a watse. Haka Jatau ya gada wurin mahaifinsa. Shi ne mai rabon garinsu, daga naman farauta har gonar gado. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in ya gama kasawa sai ya sake haɗa kason kowa. In ya cika yadda aka kawo shi, rabo ya yi.

Wata shekara bayan girbi, wata mata mai suna Tasalla ta zo masa da dammunan gero goma sha biyu a kan jakuna. Ta ce mahaifiyarta ta bar wasiyya a raba wa gidajen Tungar Gwanki, ƙauyen da aka haifi marigayiyar, daidai wa daida. Jatau ya ɗauki sandarsa suka kama hanya.

Da hantsi suka isa, suka tarar da kufai. Rijiya ta ƙafe, mutane sun tashi, har ciyawa ta fito a murahu. Tasalla ta zagaya tana sallama, ba mai amsawa.

Jatau ya faɗi abin da ya saba. Ya ce kowane gida ya tashi da babu, wasiyya ta cika.

Tasalla ta dubi jakunan, ta ce, "Baba, in ta cika, waɗannan fa? An ce kana haɗa rabonka. Haɗa mini wannan in gani."

Ya zauna a gindin tsamiya yana zane a ƙasa. Ya haɗa babu, bai ga sha biyu ba. Ya ce to, bari a ce kowane gida ya sami sha biyu. Amma da ya zo haɗawa, babu gidan da zai karɓo kaso daga ciki, ya sake tashi hannu wofi. Ya gwada ɗari, ya gwada dubu, duk haka. Har azahar yana sharewa yana sakewa. Sai ya tuna mutanen da ya sallama da waccan magana tun yana saurayi, kunya ta kama shi.

Ya ajiye sandar, ya ce, "'Yata, shekara arba'in ban taɓa cewa ban sani ba. Wannan ba shi da amsa. Geronki ba a raba shi ba, kuma a nan ba zai rabu ba."

Ya zaci za ta yi fushi. Sai ya ga ta gyara ɗaurin kayan, ta ce ai ke nan wasiyyar tana nan a wuyanta. Wani makiyayi ya nuna musu inda mutanen suka nufa. Kwana huɗu suna tafiya, suka same su a bakin wani kogi, gida shida. Kowane gida ya sami dami biyu. Wata tsohuwa da ta ji sunan mahaifiyar Tasalla ta riƙe hannun Tasalla, ta daɗe ba ta sake shi ba.

Da Jatau ya koma, ya tara masu rabo na garuruwan kusa ya ba su labari. Wasu suka yi gardama. Bai ja da kowa ba, duk wanda ya kawo adadi sai ya ce masa ya haɗa. Ɗaya bayan ɗaya suka bar gardamar.

Shi ke nan har yau, in babu ce za a raba wa mutum biyar, malami zai ce kowa ya sami babu. Amma in abu ne za a raba wa babu kowa, sai ya ajiye alli.