Ruwan Saman Usta Mudi

Akwai wani direban lori a Gadarif ta ƙasar Sudan, cikin shekarun alif ɗari tara da saba'in, ana kiransa Usta Mudi, wato gwanin sana'a Mudi. Mutum ne marar yawan magana. Abin da ya mallaka a duniya shi ne tsohuwar lorinsa, da ita yake ciyar da gidansa, yana jigilar dawa da riɗi daga gonaki zuwa kasuwa.

Duk tasha an san shi da hali guda: ba ya zuba wa lagireton motarsa ruwan rijiya. Da damina yakan tari ruwan sama daga rufin kwanon ɗakinsa, ya adana a ganga. In zai yi tafiya ya cika jarka, ya ɗaure ta a bayan kujera.

In an tambaye shi dalili, yakan yi bayani a hankali. Inji wuta ce ke ci a cikinsa. Ruwa ke zagayawa ya kwaso zafin, ya kawo lagireto, ya bi ta wasu bututu sirara kamar tsinken tsintsiya, iska da fanka su huce shi, ya koma. Ruwan rijiya na barin farin gishiri irin na gindin butar shayi, ruwan laka kuma na barin ƙasa. Da bututun sun toshe, inji ya ƙone.

Akwai abokin aikinsa, Kassim, wanda bai taɓa barin maganar ta wuce ba.

"Ya zol, mutumina, motarka amarya ce? Tawa ko ruwan wanki na ba ta, sha take ta gode."

Mudi sai ya yi murmushi, ya ci gaba da share ƙaiƙayin da ya maƙale a fuskar lagireto.

Wata rana a ƙarshen damina, lokacin yankan riɗi, ya kama hanyar garin Ƙala'at an-Nahal. Rana ta take, baƙar ƙasa duk ta tsage. Can tsakiyar fili, inda babu gari babu inuwa, ya hango lori a tsaye, mutane kwance a ƙarƙashinta.

Motar Kassim ce. 'Yan ƙwadago ya ɗauko zai kai su gona. Tun hantsi injin ya tafasa, ya buɗe murfi ya kwarara masa ruwan sanyi da zafinsa, kan injin ya tsage. Bai gane ba, ya yi ta ƙarawa, har ya ƙarar da ruwan shan mutanen.

Mudi ya sauko ya duba fuskokinsu. Leɓuna sun bushe. Wani dattijo ko ɗaga kai ba ya iyawa. Ya kwance salkar ruwan shansa ya miƙa, kafin ta zagaya rabinsu ta ƙare.

Ya tsaya jikin ƙofar motarsa, hannunsa a kan jarkar. Ya san lorinsa. A irin wannan zafi tana cin ruwa, kuma in ya ɗora mata mutanen nan dole ta nemi ƙari kafin su isa. In bai samu mai tsabta ba, ko ya zuba laka, ko injin ya ƙone. Ba shi da halin sayen wani.

Ya kwance igiyar jarkar.

"Ku fara ba dattijon nan. A hankali, Baba, kurɓi-kurɓi."

Kassim ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Usta, ai na motarka ne."

"Na sani. Kai ma sha, ka fi kowa ihu yau."

Suka shanye tas. Ya kwashe su duka, har Kassim, suka bar mushen lorin a fili.

Tafiya ta yi nisa, allurar zafi ta fara hawa. Mudi ya rage gudu, idonsa na kanta. Da ta kusa ja, ya lallaɓa motar har bakin wani hafiri, irin tafkin da ake haƙawa don tara ruwan damina. Ya juya hancinta wajen iska, ya kashe, ya ɗaga murfin inji.

Wani daga cikin 'yan ƙwadagon ya kai hannu zai buɗe lagireton.

"Kul! Tururin nan zai saɓule maka fuska. Sai ya huce."

Mudi ya ɗauki bokiti ya gangara. Shanu sun riga shi. Ruwan ya zama ja, kauri kamar kunu. Ya ɗebo, ya tace da rawaninsa, ya sake tacewa, launin bai sauya ba. Ya tsuguna yana kallonsa. Kassim na tsaye a bayansa.

Cikin matafiyan akwai wata tsohuwa, Ummusalama, wadda ke yi wa 'yan ƙwadago girki a gona. Ta zo ta leƙa bokitin.

"Ɗana, me ya hana ka zubawa?"

"Ƙasa, Inna. In ta shiga, ta toshe min bututu. Ruwan sama kawai nake ba ta."

"To wannan daga ina ya zo? Daga rijiya? Shi ma daga sama ya sauko, dabbobi ne suka dama shi. Matsa."

Ta kwance ƙullin gefen zanenta. 'Ya'yan zogale ne busassu, waɗanda take tafe da su saboda ruwan girkinta a gona. Ta ɓare su, ta daka a kan dutse har suka yi gari, ta dama da ɗan ruwa, ta juye cikin bokitin. Ta karyo kara ta yi ta juyawa.

"Inna, miya za ki yi wa motar?" in ji wani, aka yi dariya.

"Kai dai da ka sha ruwan mutum ka samu bakin magana. Je ka cika jarkar can."

Ta yi wa jarkar yadda ta yi wa bokitin, ta sa aka ajiye su a inuwar motar, ta hana kowa taɓawa. Suka yi La'asar a gefen hafirin. Da suka idar, Mudi ya je ya duba.

Lakar ta kwanta a ƙasa, dunƙule-dunƙule. Saman ya yi garau, har yana ganin fuskarsa. 

Injin ya riga ya huce. Ya naɗe hannunsa da tsumma, ya murɗa murfin kaɗan, ya saurara, sannan ya buɗe. Kassim da kansa ya riƙe rawanin a bakin lagireto, Mudi na tsiyayawa sannu a hankali don kada gindin ya motsu.

"Inna, da me zan saka miki?"

"Yaran nan da ka shayar ni ke ciyar da su. Da ɗaya ya mutu a filin can, me zan gaya wa uwarsa? Tayar da motarka mu tafi."

Ya tayar. Allurar ta hau zuwa tsakiya ta tsaya, ba ta ƙara motsi ba har suka ga duwatsun Ƙala'at an-Nahal.

Washegari, kafin ya yi lodin riɗinsa, Mudi ya nemo sarƙa ya ce wa Kassim, "Hau, mu je mu jawo taka."

Darasi: Ka kula da abin sana'arka kamar yadda Usta Mudi ya kula da lagiretonsa: ruwa mai tsabta, fuska a share, kuma kada ka buɗe murfi da zafi. Amma ranar da ran mutum ya buƙaci abin da ka adana, ka bayar ba tare da lissafi ba, Allah ba ya rasa hannun da zai mayar maka. Ku tura wa direbobi da masu mota da kuka sani.